Sautun kayan hannu: sana'ar nemo wa mai saye abin da ya ambata

Sautun kayan hannu sana'a ce ta nemo wa mutum wani kaya da aka taɓa amfani da shi, wanda ya ambata da bakinsa, a saya a madadinsa, a aika masa, a karɓi lada. Inda ta bambanta da kasuwancin da aka saba shi ne wajen abin da ke zuwa farko. Ɗan kasuwa yakan saro kaya ya kasa, ya zauna jiran mai saye. Shi kuwa ɗan sautu sai ya sami mai saye tukuna, sannan ya shiga kasuwa.

Makanike a Maraɗi yana neman injin wata tsohuwar Toyota, tela a Garwa yana son keken ɗinki mai kan ƙarfe irin na da, mai shago a Tamale yana son rigunan sanyi na yara zalla. Kowannensu ya san abin da yake so, amma bai san rumfar da abin yake ba, ko kuma tafiyar ta fi ƙarfinsa. Wanda ya san rumfar, ya iya duba kaya, kuma mutane suka yarda da shi, shi ke cin abinci a wannan tsakani. Sana'ar ba ta bukatar shago ko jari mai yawa. Jarinta sanin kaya ne da amana, kuma yawancin rigingimun da ke cikinta sukan taso ne daga abin da ba a daddale ba kafin kuɗi su bar hannu.

Sunayen kayan da na masu sana'ar

Asalin ma'anar sautu shi ne a ba matafiyi kuɗi ya sayo wa mutum wani abu a inda za shi. A da alfarma ce tsakanin maƙwabta da 'yan'uwa. Idan aka yanka mata lada kuma mutum ya mayar da ita abin yi kullum, ta zama sana'a. Masu yin ta ana ce musu dillalai, ko 'yan kamasho, a ƙasashen da ake Faransanci kuma ana jin démarcheur ko commissionnaire.

Kayan da kansu sunayensu sun bi ƙasa-ƙasa. Bahaushe yakan ce kayan hannu, kamar mota ta hannu ko waya ta hannu. Tufafi kuwa gwanjo ne, kalmar da asalinta ke nufin sayarwa ga wanda ya fi tayi. A Nijar ana ce musu bosho, a Faransanci friperie. A kudancin Najeriya ana kiransu okrika, sunan wani gari na bakin ruwa a jihar Ribas, motoci kuma tokunbo, wato abin da ya ƙetaro teku a harshen Yarbanci, ko kuma a ce 'yar Beljiyam. A Gana tufafin su ne obroni wawu, ma'ana Bature ya mutu. A Kwatano motocin su ne venues de France, a Kamaru kuma congelées. Sanin sunayen nan yana da amfani ga ɗan sautu, domin a kasuwa da yawa ana bambanta kayan da aka yi amfani da su a Turai da waɗanda aka yi amfani da su a gida, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Tushen sana'ar a ƙasar Hausa da zango-zango

Shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa tsohon abu ne a kasuwancin Hausawa. Kalmar dillali daga Larabci ta zo, kuma ladan da yake karɓa shi ne la'ada. A cikin gari akwai dillaliya, wadda ke bin gidajen matan aure da zannuwa, kwanuka, gwal da kayan ɗaki. Idan uwar amarya ta ce tana neman gado ko tasa iri kaza a kan kuɗi kaza, dillaliya ta san gidan da ake son rabuwa da irinsa. Wannan shi ne sautun kayan hannu tun kafin zuwan waya.

A hanyoyin fatauci kuma akwai maigida, wanda ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Masana irin su Polly Hill a Kumasi da Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan sun yi rubutu a shekarun 1960 kan yadda wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne kowa yana da wanda zai tsaya masa, kuma wanda ya ci amana labarinsa zai riga shi isa zango na gaba.

Wannan gado ne ya ba Hausawa mazauna Nima da Sabon Zango a Akra, Zangon Kumasi, Zangon Kwatano, Agoè-Zongo a Lome, Briqueterie a Yawunde da New Bell a Duwala wata dama ta musamman. Suna zaune kusa da tashoshin jiragen ruwa da manyan kasuwanni, suna jin harshen gari da Faransanci ko Ingilishi, kuma suna da dangi da abokan hulɗa a garuruwan arewa inda ake bukatar kayan.

Inda kayan ke fitowa

Tufafin gwanjo suna zuwa ne daga Turai, Amurka, Kanada, Sin da Koriya ta Kudu, a ɗaure cikin dila mai nauyin kilo 45 ko 55 galibi. Kamfanonin da ke tantance su sukan rubuta nau'in abin da ke ciki a jikin dila, amma mai saye ba ya ganin ingancinsu sai ya yanke igiya. Shi ya sa ake samun masu zuwa da asuba su tsaya a kan dila lokacin buɗewa domin su yi zaɓen farko. Ɗan sautun tufafi a nan yake aiki: ba ya sayen dila gaba ɗaya, yana tsinto abin da aka aiko shi nema ne daga diloli da yawa.

Motoci da kayan gyaransu suna tasowa ne daga Turai, Amurka da Japan. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 waɗannan wurare uku sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Unguwar Heyvaert da ke Brussels ta daɗe da zama matattarar masu tara motocin, daga nan a kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp. Wayoyi da kwamfutoci kuma da yawa ta Dubai da Sin suke biyowa.

Akwai kuma kayan cikin gida: na ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki, na ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji da ke gwanjon motoci da kujeru, na gidan da aka rushe, da na 'yan gwangwan masu bin unguwa suna sayen tsofaffin ƙarafa. Sau da yawa abin da ya gagara samuwa a shago a wajen waɗannan ake tsintarsa.

Kasuwannin da aka fi nema

Kowace kasuwa da abin da ta shahara da shi. A Akra, Kantamanto ita ce ta tufafi. Ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga cikinta duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari a shara suke ƙarewa. Gobarar da ta tashi a farkon Janairun 2025 ta cinye babban ɓangarenta. Kayan mota a Akra sai Abossey Okai, a Kumasi kuma Suame Magazine, inda makanikai da maƙera da masu sayar da kayan gyara ke wuri ɗaya.

A Lome gwanjo yana Hédzranawoé, a Kwatano yana Missèbo, kuma a garuruwan biyu 'yan kasuwa Inyamurai daga kudu maso gabashin Najeriya suna da ƙarfi a harkar shigo da diloli. Filayen sayar da motoci na Kwatano suna Sèkandji da Ekpè, a kan hanyar zuwa iyakar Seme. A Yamai, Katako ce wurin tsofaffin ƙofofi, kwanon rufi, katako, ƙarafa da duk abin da za a iya sake sarrafawa. A Duwala kayan mota suna Camp Yabassi, a Yawunde kasuwar Mokolo ta yi suna da gwanjo.

A Najeriya akwai Ladipo ta kayan mota, Computer Village da ke Ikeja ta waya da kwamfuta, da Alaba ta kayan lantarki, duk a Legas. A Kano gwanjo yana Ƙofar Wambai, kayan mota da na gini suna Ƙofar Ruwa, wayoyi suna Farm Centre. A Kaduna akwai Panteka. Ɗan sautu na ƙwarai ba ya cewa ya san dukansu. Yakan riƙe kasuwa ɗaya ko biyu, da nau'in kaya ɗaya, har ya san wanda ke faɗin gaskiya a kowane layi.

Yadda aikin ke gudana

Mataki na farko shi ne karɓar bayani, kuma a nan ake cin riba ko a tafka asara. "Injin Corolla" ba bayani ba ne, domin Corolla iri-iri ce. Sai an san shekarar ƙira, lambar injin, ko giyarta ta hannu ce ko mai sauya kanta, kuma a turo hoton tsohon da za a cire. A takalmi sai an san ko lambar Turai ake nufi ko ta Ingila, domin 42 na can shi ne kusan 8 na nan. A kwamfuta sai an tambaya ko madannanta na Faransanci ne, mai farawa da AZERTY, ko na Ingilishi mai farawa da QWERTY, domin ɗalibi a Damagaram da ɗalibi a Katsina ba abu ɗaya suka saba da shi ba.

Na biyu shi ne yanke iyakar kuɗi da wa'adi: kada a wuce kaza, kuma idan ba a samu ba zuwa rana kaza a mayar da kuɗi. Na uku kafin alƙalami, wanda ke tabbatar da cewa mai saye da gaske yake. Sannan a shiga nema. Idan an samu, a turo hoto da bidiyo ta WhatsApp, a nuna aibin kayan kafin a nuna kyansu, a jira mai saye ya ce a saya. Bayan ciniki ya faɗa, a karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan shago da lambar kayan, a ɗaure, a kai tasha, a turo wa mai kaya lambar direba ko takardar kamfanin sufuri.

Kuɗi kuwa yanzu ba kasafai suke bin aljihun direba ba. A Nijar ana aikawa ta kamfanoni irin su Nita, Amana da Al Izza, a Gana da Kamaru da Benin ta asusun waya irin MTN MoMo, a Najeriya ta banki ko OPay da Moniepoint. Amfanin wannan shi ne kowace aika tana barin shaida.

Ta ina ladan ke fitowa

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko la'ada ce bayyananniya, ko dai wani kaso na kuɗin kaya ko wani adadi da aka yanke tun farko. Ta biyu ita ce ɗan sautu ya saya da kuɗinsa, ya sayar wa wanda ya nema a farashin da suka shirya. A nan ya zama ɗan kasuwa, ribar tasa ce, asarar ma tasa ce idan mai saye ya fasa. Ta uku ita ce ɗori a ɓoye: a sayo a kan arba'in a ce hamsin, ko a karɓi lada wajen mai saye a kuma karɓi wani wajen mai shago ba da sanin na farko ba. Wannan ta fi kawo kuɗi da sauri, kuma ita ta fi kashe sana'a, domin a zamanin waya farashin kasuwa ba ya ɓoyuwa.

Ga misali na lissafi kawai, ba farashin kasuwa ba. Tela ya ce a nemo masa keken ɗinki kada ya wuce sefa 60,000 har zuwa hannunsa. An samu a kan 45,000. Mai gyara ya duba ya sa mai ya karɓi 2,000, ɗauri da kaiwa tasha 1,000, kuɗin mota 5,000. La'adar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin keken ta kama 4,500. Jimla 57,500, tela ya sami rarar 2,500. Amma ɗan sautu ya kashe 2,000 a kabu-kabu da katin waya cikin kwana biyu na nema, abin da ya rage masa 2,500 ne. Wannan ya nuna cewa sautu ɗaya ba ya ciyar da gida. Masu cin moriyar sana'ar su ne waɗanda ke tara saƙo biyar ko goma su fita nema sau ɗaya, su kuma haɗa kayan a mota ɗaya.

Ƙananan kaya sun fi dacewa da lada yankakke, domin kason abu mai araha bai kai wahalar nemansa ba. Manyan kaya kamar mota kuma kasonsu kan yi ƙasa. Wasu sukan ware kuɗin nema daban, wanda ba a mayarwa ko an samu ko ba a samu ba, amma wannan sai an faɗe shi a fili tun ranar farko.

Duba kaya kafin biya

Siyan na gari mai da kuɗi gida, kuma abin da mai saye ke biya ke nan: idon da ya fi nasa. A waya, danna *#06# yana fito da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ya kamata ta dace da ta jikin kwali ko ta cikin saitin wayar. A tabbatar mai ita na da ya cire asusunsa na iCloud ko Google, domin wayar da ke kulle da asusun wani ba ta da amfani sai a fasa a sayar da kayan cikinta. A sa mata layin gida a kira, don wasu a ɗaure suke da kamfanin sadarwa na ƙasar da suka fito. A duba lafiyar batir da ko an taɓa sauya gilashi.

A mota, lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce shaidarta, kuma dole ta jikin mota ta zama ɗaya da ta takardu. Da ita ake binciken tarihin motocin Amurka a intanet, inda da yawa daga wuraren gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shafa suke fitowa. Tsatsa a ƙarƙashin kujera, laka a lungun but da warin danshi alamu ne na motar da ta sha ruwa. Agogon tafiya ana iya mayar da shi baya, don haka a dubi cinyewar sitiyari da abin taka birki. Na motocin Amurka kuma da mil yake ƙirga, ba kilomita ba.

Kayan lantarki na Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, alhali ta yankin nan 220 zuwa 240 ce. Wanda ya jona su kai tsaye yana iya ƙona su. Firji sai an jona shi an jira ya yi sanyi, injin ban ruwa da janareta sai an tayar da su daga sanyi, ba bayan mai shago ya ɗumama su ba. Tufafi a duba su a hasken rana, a bi hammata, wuya, zif da maɓalli. Inda ɗan sautu bai ƙware ba, ɗaukar makanike ko mai gyara a biya shi ya fi araha a kan mayar da kaya daga wata ƙasa.

Iyaka, kwastan da canji

Kayan da suka halatta a wannan gefen iyaka suna iya zama haramtattu a wancan. Tufafin gwanjo sun daɗe cikin jerin abubuwan da Najeriya ta hana shigowa da su, abin da ya sa suke sauka a Kwatano da Lome su shiga ta bayan fage, kuma kwastan na iya ƙwace su. Daga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, matakin da ya girgiza filayen motocin Kwatano. Ta kuma rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki, dokar da ta fara aiki sosai a 2013. Motoci masu sitiyari a dama, irin na Ingila da Japan, ba a yarda da su a Gana da Najeriya ba. Ƙasashe da dama sun kuma sa iyakar shekarun motar da za a shigo da ita.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville. Kayan da a da ke bin hanyar Kwatano suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada, inda manyan motoci ke jiran rakiyar sojoji. Dokokin nan suna sauyawa, don haka tambayar ma'aikacin fito da kaya, wanda ake kira transitaire, kafin a saya ya fi tambayarsa bayan an kama kaya. Kuɗin duwan kuma a san wanda zai biya tun farko.

Canji ma wani rami ne. Sefar Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya darajarsu ɗaya a kan Yuro, wato 655.957, amma takardar Yamai ba ta sayen komai a kasuwar Njamena sai an canza ta, kuma ɗan canji yana cire nasa. Naira da sidi suna hawa da sauka, musamman naira tun da aka sake ta a Yunin 2023. Farashin da aka faɗa ranar Litinin yana iya zama asara ranar Juma'a. Mafita ita ce a yanke da wane kuɗi ake lissafi, da canjin wace rana.

Har ƙirgan baki yana ruɗarwa. A Nijar da sauran ƙasashen sefa Bahaushe da dala yake lissafi, dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya sefa 1,000. Idan mutumin Tawa ya ce ɗari biyar, sefa 2,500 yake nufi. A Gana, tun bayan cire sifili huɗu daga sidi a 2007, wasu 'yan kasuwa har yanzu suna kiran sidi 100 miliyan ɗaya. Rubuta adadi da alƙaluma a saƙo yana kashe wannan gardama.

Haɗuran sana'ar

Mafi girma shi ne kayan sata. Dokokin ƙasashen yankin duka suna hukunta wanda ya karɓi abin da ya san na sata ne, laifin da ake kira recel a Faransanci. Waya, babur, batirin sola da kwamfuta su ne aka fi kamawa da su, kuma idan 'yan sanda ko jandarmomi suka bi sawu, wanda aka sami kaya a hannunsa da wanda ya kawo masa su ake fara tsarewa. Araha da ta wuce hankali, gaggawar mai sayarwa, gogaggiyar lamba da rashin takarda duk alamu ne. Ɗan sautu mai hankali yana da littafi da yake rubuta abin da ya saya, wajen wa, ranar da lambar kayan.

Na biyu zamba ce ta ɓangarori biyu. Akwai masu ɗora hotunan kayan da ba nasu ba a Facebook su karɓi kafin alƙalami su ɓace, abin da ya ɓata wa masu gaskiya suna. Akwai kuma masu saye da ke turo hoton rasiɗin aika kuɗi na bogi. Kada kaya su tashi sai kuɗi sun bayyana a asusu.

Na uku shi ne tambayar da ba a son yi: idan kaya suka fashe ko suka ɓace a hanya, ko suka isa suka ƙi aiki, wa zai ɗauka? Masu sayar da injin mota sukan ba da 'yan kwanaki na gwaji, su sa alamar fenti a jikinsa don kada a musanya. Amma kwanakin suna iya ƙarewa kaya na kan hanya. Wanda ya san aikinsa yakan nemi a ƙirga wa'adin daga ranar isa, kuma a rubuta shi a rasiɗi.

Matsayin sana'ar a fiƙihu

Tun da yawancin masu wannan hulɗa Musulmi ne, kuma sulhunsu a gaban malami ko sarkin zango yake ƙarewa, hukuncin fiƙihu yana da tasiri. Karɓar lada a kan dillanci halal ne idan an san ladan. Wanda aka ba kuɗi ya sayo wakili ne, wakili kuma amintacce ne: ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan ya yi sakaci ko ya saɓa umarni. Idan ya samo da araha, rarar ta mai kuɗi ce, sai in shi ya bar masa. Yarjejeniyar "in ka samo mini kaza zan ba ka kaza" ita ce ji'ala, kuma ba a cin ladanta sai aiki ya kammala. Ɓoye aibi haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka rufe masa. Haka nan haramun ne mutum ya yi tayin ƙarya don ya zuga farashi.

Ga mai son farawa

Waɗanda suka daɗe a harkar galibi ba da ita suka fara ba. Yaran shago ne, ko makanikai, ko teloli, ko direbobi, waɗanda suka san kaya kafin su fara nemo wa wasu. Mai farawa zai fi samun sauƙi idan ya zaɓi abu ɗaya da ya sani, ya fara da ƙananan saƙonni na mutanen da suka san gidansu, ya kuma sami babba a kasuwa da zai tsaya masa. Kuɗin sautu ba a haɗa su da na cefane, kuma ba a juya na wani a sayi kayan wani da niyyar mayarwa.

Abubuwa huɗu ne ya kamata su kasance a rubuce, ko da a saƙon waya ne, kafin a karɓi ko dala: ainihin kayan da ake so, iyakar kuɗi da wa'adi, yadda za a lissafa lada, da wanda zai ɗauki asarar hanya da kuɗin duwan. Idan an nema ba a samu ba, mayar da kuɗi cif a ranar da aka yi alkawari yakan jawo wa ɗan sautu saƙo na gaba fiye da yadda kawo makamancin abin da ba a nema ba zai yi.